Darasin Lafiya: Kowane Ido Da Awonsa

Darasin wannan fitowar ya shafi ido, musamman idon tsofaffi. Muna roƙon duk wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansu da maƙwabta a hankali, sashe bayan sashe. Akwai tambayoyin bita a ƙarshe.

Da wuya a zaga unguwa ɗaya ba a ga dattijo ko dattijuwa da jika ke ja wa sanda ba. Da yawa daga cikinsu yana ce ta rufe musu ido, kuma yana ciwo ce da ake warkarwa da aikin da bai cika kai rabin awa ba. Sai dai kafin a shiga ɗakin aiki akwai wani mataki da mutane ke rainawa, shi ne awon ido. Wasu sukan gaji da layi su koma gida. Wasu su ce ai jiya ma an duba su. Wasu kuma su riƙo takardar ɗan'uwansu don a yi sauri. Wannan darasi zai bayyana abin da ake aunawa, da yadda awon ke bambanta daga mutum zuwa mutum, da abin da ya rage gare ku don aikin ya yi kyau.

1. Mece ce yanar ido?

Mutane da dama sun ɗauka yana wata fata ce da ke kwanciya a saman ido, wadda za a iya kankarewa. A gaskiya tana can ciki ne. Bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garau, girmansa kamar ƙwayar wake. Aikinsa shi ne ya tattara hasken da ya shigo, ya kai shi bangon baya na ido, inda hoton abin da muke kallo yake fitowa kamar majigi a jikin bango. Idan shekaru suka ja, madubin nan yakan fara dusashewa, ya yi hazo, har ya koma fari. Wannan ita ce yana. Ciwon suga, buguwa a ido, shan taba, da yawan amfani da wasu magungunan kumburi ba tare da izinin likita ba, duk suna iya gaggauta zuwanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa yana a sahun gaba cikin abubuwan da ke makantar da mutane a duniya. A Nijeriya an yi babban binciken ido na ƙasa baki ɗaya daga 2005 zuwa 2007, inda aka duba mutum sama da 13,000. An gano cewa cikin masu shekara 40 zuwa sama, kusan mutum 4 cikin 100 makafi ne, kuma yana ce sanadin kashi 43 cikin 100 na wannan makanta.

Babu ɗigon magani, babu tozali, babu saiwa da ke wanke madubin da ya riga ya yi hazo. Maganinsa shi ne a cire shi, a sa wani na roba mai haske a gurbinsa. Ba a fito da ƙwayar ido waje, ba a kuma sa wa mutum idon dabba, kamar yadda ake yaɗawa. Ƙaramar kafa ake yi a gefe, ta nan tsohon madubin ke fita, ta nan sabon ke shiga.

2. Me ya sa sai an auna?

Idan mutum ya je sayen hula, mai hula yakan tambaye shi lamba nawa yake sawa: 22 ce, ko 22 da rabi, ko 23. Idan ba ta yi ba, sai ya cire ya gwada wata. Madubin roba shi ma lamba gare shi, amma ba a gwada shi a cire. Da zarar an sa, ya zauna ke nan har ƙarshen rayuwa, domin sake buɗe ido don canja shi aiki ne mai haɗari da likita ba ya so ya yi sai dole. Saboda haka tilas a san lambar da ta dace tun kafin a fara.

Lambar nan ita ce ƙarfin madubin wajen tattara haske. Ana kiran ma'auninta diyofta, ana rubuta shi da harafin D. Ita ce irin lambar da ake rubutawa a takardar tabarau.

Tun ranar farko aka koyi wannan darasi. Likitan da ya fara sa wa mutum madubin roba shi ne Harold Ridley, a asibitin St Thomas da ke Landan, a 1949. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya lura cewa matuƙan jirgin sama da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idonsu, idon bai kumbura ya ƙi robar ba. Sai ya sa aka yi madubi da irin wannan roba. Idon matar da aka fara yi wa ya karɓi madubin, amma ƙarfinsa ya wuce kima, ta fito ba ta ganin nesa sai da tabarau mai kauri. Hannun likita ya yi daidai, lissafin lamba ne ya kuskure. Daga baya masana suka fitar da hanyoyin lissafi: Fyodorov na ƙasar Rasha a 1967, sai wasu likitoci uku na Amurka, Sanders da Retzlaff da Kraff, a 1980. Gyararren lissafinsu na 1990 har yau ana amfani da shi a asibitocin ido. Duk waɗannan hanyoyi ba sa aiki sai an ba su awon idon mutumin da za a yi wa aiki.

3. Abubuwan da ake aunawa

Na farko shi ne tsawon ido, daga gaba zuwa bangon baya. A wurin yawancin manya yakan kama tsakanin milimita 22 da 25, matsakaicinsa kuwa wajen 23 zuwa 24 ne. Bai kai inci ɗaya ba, kusan tsawon gaɓar ƙarshe ta babban yatsa. Milimita ɗaya kuwa ya ɗan fi kaurin katin shaida na roba. To, kuskuren milimita ɗaya tak a wannan awo yana jawo kuskuren diyofta 2.5 zuwa 3 a ganin mutum. Idan kuskuren ya sa madubin ya yi ƙarfi da yawa, mutum zai ga abin da ke kusa da fuskarsa, amma duk abin da ya wuce kamu ɗaya zai zama dishi-dishi. Idan kuma madubin ya gaza ƙarfi, kusa da nesa duka ba za su fito sosai ba.

Na biyu shi ne lanƙwasar gilashin gaba. A saman baƙin ido akwai wata fata garau mai kama da gilashin agogon hannu. Saboda lanƙwasarta, ita ce ke yin kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Ƙarfin ido gaba ɗaya wajen diyofta 60 ne, gilashin gaba shi kaɗai yana ɗauke da wajen 43 zuwa 44. A wurin wasu yakan sauka zuwa 40, wasu kuma ya haura zuwa 47.

Na uku shi ne zurfin ɗakin gaba, wato ratar da ke tsakanin gilashin gaba da madubi, wadda ke cike da ruwa. Wajen milimita 3 ce. Tana taimaka wa likita ya ƙiyasta inda sabon madubin zai zauna, tana kuma nuna masa ko yana da isasshen fili na aiki. Wasu na'urori sukan ƙara da kaurin madubin kansa da faɗin baƙin ido.

Idan an sami waɗannan lambobi, sai a shigar da su cikin lissafi, ya fitar da lambar madubin roba. Madubin yana zuwa a rufe cikin kwalinsa, lamba-lamba, yawanci da tazarar rabi: 20, 20.5, 21, 21.5, haka har sama.

4. Yadda awo ke bambanta tsakanin mutane

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam kimar ido ba ta isa. Ƙwararren likita ma ba zai kalli fuskar mutum ya faɗi tsawon idonsa ba, domin girman ido a fuska bai nuna zurfinsa a ciki. Ga abubuwan da aka tabbatar suna kawo bambanci.

Namiji da mace. A matsakaici idon namiji ya fi na mace tsawo da kusan rabin milimita, gilashin gaban mace kuma ya fi ɗan lanƙwasa. Shi ya sa lambar madubin mata takan ɗan fi ta maza. Amma matsakaici ne kawai. Akwai mata masu dogon ido, akwai maza masu gajere.

Tsawon jiki. Dogayen mutane sukan fi gajeru tsawon ido kaɗan.

Shekaru. Jariri yana zuwa duniya da ido mai tsawon wajen milimita 17. Idon yana girma da sauri a shekara biyu na farko, sannan ya ci gaba a hankali har zuwa ƙuruciya. Madubin ciki kuwa ba ya daina ƙara kauri har tsufa, kuma yayin da yake kauri ɗakin gaba yana ƙara matsewa.

Gado da yanayin rayuwa. Wanda tun yana yaro ba ya ganin allo daga bayan aji, ko ba ya gane mutum sai ya matso, galibi idonsa dogo ne, wani har ya wuce milimita 26. A ƙasashe irin su Sin, Koriya ta Kudu da Singafo, yawancin matasan birane da ke gama sakandare ba sa ganin nesa sai da tabarau, kuma masana sun danganta haka da yawan karatu a ɗaki da ƙarancin zama a waje. Ke nan matsakaicin awon wata al'umma ba lallai ya dace da wata ba, balle ya dace da kowane mutum a cikinta.

Siffar gilashin gaba. Na wasu a zagaye yake daidai ta kowane gefe, kamar bayan ƙwarya. Na wasu kuwa kamar bayan cokali yake, ya fi lanƙwasa ta gefe ɗaya. Shi ya sa ake rubuta lamba biyu. Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu zuwa aikin yana yana da bambancin diyofta 1 ko fiye tsakanin lambobin nan biyu. Madubin roba na yau da kullum ba ya gyara wannan, tabarau ne ke ƙarasa shi bayan aiki.

Dama da hagu. Idanun mutum biyu yawanci kusan ɗaya suke. Don haka ake auna duka biyun ko da ɗaya za a yi wa aiki, domin kowanne shaida ne ga ɗan'uwansa. Idan bambancin tsawo ya wuce milimita 0.3, ma'aikaci yakan sake awo ya tabbatar. Idan an ce ku dawo a maimaita, kada ku ɗauka wulaƙanci ne. Alama ce ta ma'aikaci mai kula.

5. Misali da mutum uku

Mu ɗauka mutum uku ne a layi ɗaya, shekarunsu ɗaya, garinsu ɗaya, dukkansu yana ta rufe musu ido fari fat, kuma lanƙwasar gilashin gabansu iri ɗaya ce.

Na farko tsawon idonsa milimita 23.5. Lissafi zai ba shi madubi mai lamba wajen 21.

Ta biyu idonta gajere ne, milimita 21.5. Haske ba shi da nisan tafiya kafin ya isa bango, don haka tana buƙatar madubi mai ƙarfi, wajen lamba 27 ko 28.

Na uku idonsa dogo ne, milimita 26.5. Shi madubi mai sauƙin ƙarfi yake buƙata, wajen lamba 12.

Idan aka sa wa dukkansu lamba 21, na farko zai fito yana gane mutane daga nesa. Ta biyu za ta ga haske da launi, amma komai zai kasance cikin hazo. Na uku ba zai gane fuskar matarsa ba sai ta matso dab da shi. Likita ɗaya ne, rana ɗaya ce, aikin kuma bai sami matsala ba. Ƙa'idar da za ku riƙe ita ce: gajeren ido babbar lamba, dogon ido ƙaramar lamba. Kayan aro ba ya rufe katara, haka ma awon wani ba ya yi wa idon wani.

6. Yadda ake yin awon

Awon ba ya ciwo, kuma bai cika wuce minti goma ko sha biyar ba.

Wajen auna gilashin gaba, za a ce ku ɗora haɓa a kan wani ɗan marfi, ku jingina goshi, ku kalli wani haske a cikin na'ura. Babu abin da zai taɓa idon.

Wajen auna tsawo, hanya biyu ce. Akwai na'ura mai aiki da haske, wadda ta fara fitowa a 1999. Ba ta taɓa ido, awonta kuma yana da kyau ƙwarai, sai dai haskenta ba ya ratsa yanar da ta nuna ta yi fari sosai. Akwai kuma mai aiki da sauti, 'yar'uwar wadda ake ɗaukar hoton cikin mata masu juna biyu da ita. Ita ce aka fi yawo da ita zuwa ƙauyuka da sansanoni. Za a ɗiga maganin kashe zafi, sai a taɓa gaban idon a hankali da wani abu mai kama da alƙalami. Sautin da kunne ba ya ji yana shiga ya bugi bangon baya ya dawo, na'ura kuma ta lissafa nisan. Ana maimaitawa sau da yawa a ɗauki matsakaici.

A nan ne naku aikin yake. Idan mutum ya matse ido, ko ya turo kai gaba, alƙalamin yakan danna gilashin gaba, awon ya fito gajere fiye da gaskiya. Idan ya karkata kallo, sautin ba zai bi tsakiyar ido ba. Don haka:

• Ku zauna daram, ku saki jiki, ku ci gaba da numfashi.
• Ku buɗe ido duka biyu, ku tsayar da kallo wuri ɗaya.
• Idan idon ba ya ganin hasken, ku faɗa. Za a nuna muku abin da za ku kalla da ɗaya idon.
• Idan tari ko atishawa na zuwa, ku ɗaga hannu a dakata.
• Idan Baba ko Inna ba sa ji sosai, ko kansu na rawa, ɗan rakiya ya sanar tun farko, ya tsaya kusa.
• Idan ba ku jin yaren ma'aikacin, ku nemi tafinta kafin a fara. Kada ku gyaɗa kai kan abin da ba ku gane ba.

7. Abubuwan da ke ɓata awo

Kada a sa kwalli ko tozali ranar awo. A wanke fuska da ruwa mai tsabta. Bushewar ido, wadda ƙura da hayaƙin itace da iskar hunturu ke ƙarawa, takan sa lambobin gilashin gaba su yi ta canjawa. Hakiya, wato farin tabo a kan baƙin ido, da naman da ke hawowa daga gefe zuwa kan baƙin ido, suna karkata lanƙwasar. Wanda amosanin ido ya juya masa gashin ido ciki yana gogar ƙwayar, yawanci sai an gyara fatar idon tukuna. Haka ma idon da ke fitar da kwantsa ko mugunya, sai ya warke.

Ga abubuwan da ya kamata ku faɗa ko ba a tambaye ku ba: ko kun taɓa sa tabarau kuma tun yaushe, ko tun ƙuruciya ido ɗaya ya fi ɗaya gani, ko an taɓa buge ku a ido ko wani abu ya soke shi, ko an taɓa yin aiki a idon, na asibiti ko na gargajiya, ko kuna da ciwon suga, hawan jini ko hawan jinin ido, da duk maganin da kuke sha ko kuke ɗigawa. Babu wanda zai yi muku faɗa don kun gwada maganin gida. Ɓoyewar ce ke cutarwa.

Wani abin lura: wasu tsofaffi sukan ce ganinsu ya dawo, sun ajiye tabarau suna karatu ko saka zare a allura. Sau da yawa yana ce ta fara taurara madubin ta ƙara masa ƙarfi na ɗan lokaci. Shi ya sa ba a dogara da lambar tsohon tabarau wajen zaɓar madubin roba, ko da yake yana da kyau a zo da shi likita ya gani.

8. Yadda za ku karanta takardarku

A nan ma'aikatan lafiya da Faransanci suke rubutu, don haka alamomin sun ɗan bambanta da na gida. OD na nufin idon dama, OG idon hagu. A takardun Ingilishi kuwa za ku ga RE ko OD ga dama, LE ko OS ga hagu. LA ko AL shi ne tsawon ido, kuma a Faransanci waƙafi ake sawa maimakon ɗigo, misali 23,50. K1 da K2 su ne lambobin gilashin gaba. Lambar da ke da alamar + a gaba da D a baya, ita ce ta madubin da za a sa.

Ku duba abu uku: sunan da ke takardar naku ne, lambar katinku ce, kuma idon da aka rubuta shi ne wanda za a yi wa aiki. A cikinmu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya suna da yawa, kuma ranar aiki mutane kan taru. Idan an kira suna, ku faɗi cikakken sunanku da lambar katinku, ku nuna idon da hannu. Kada kowa ya shiga da katin wani, ko da wanda aka auna ya fasa zuwa. Ku adana takardar cikin leda tare da sauran takardunku, mai waya kuma ya ɗauki hotonta. Idan kun koma gida ko an sauya muku wuri, za ta taimaka wa likitan da zai duba ɗaya idon, ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ne, ko a Kano, ko a Sakkwato.

9. Idan babu na'urar awo fa?

Wani lokaci tawagar likitoci kan zo ba tare da na'urar ba, ko ta lalace, ko lambobin madubin da suka kawo ba su cika ba. A irin wannan hali akan sa matsakaiciyar lamba, kamar 21 ko 22. Masu matsakaicin ido sukan gani da kyau, amma masu gajeren ido ko dogo su ne ke cutuwa. Wannan ba dalili ba ne na ƙin aiki, domin ko da haka ya fi zama cikin duhu nesa ba kusa ba. Abin yi shi ne ku yi tambaya cikin ladabi: An auna idona? Lamba nawa ya nuna? Akwai wannan lambar a cikin kayan da aka kawo? Idan kun san tun ƙuruciya ba ku ganin nesa, ko kun saba sa tabarau mai kauri, ku jaddada wa likita. Yana iya tura ku asibitin da ke da kayan awo. Haƙƙinku ne a yi muku bayani kafin ku sa hannu ko ku dangwala yatsa, kuma matambayi ba ya ɓata.

Duniya ma ta daina ƙirga yawan aiki kawai. A 2021 taron ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa abin da za a riƙa aunawa har zuwa 2030 shi ne yawan waɗanda aka yi wa aikin yana kuma suka fito suna gani da kyau.

10. Masu tsinke

Akwai masu yawo ƙauye-ƙauye suna soka tsinke ko allura a ido, su ture yanar ta faɗa can ciki. Mutum yakan ga haske nan take, ya yi murna ya biya. Amma ku tuna abin da muka koya: madubi wani ɓangare ne na ƙarfin ido. Mai tsinke ya ture shi bai sa komai a gurbinsa ba, bai kuma auna komai ba. Irin wannan ido ba ya gani sosai sai da tabarau mai kauri na wajen lamba 10. Bayan haka madubin da aka ture yana nan a ciki, yana iya jawo kumburi, hawan jinin ido da ciwo mai tsanani. Binciken Nijeriya da muka ambata ya gano cewa cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da 4 cikin 10 masu tsinke ne suka yi su, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanu a makance aka same su. Jiran likita na wata shida ya fi wannan saurin.

11. Yara

Yana takan kama yaro, wani ma da ita ake haifarsa. Duk uwar da ta ga fari a tsakiyar baƙin idon ɗanta, ta kai shi asibiti a ranar, kada ta jira tawaga. Idon yaro koyon gani yake yi, idan an daɗe a rufe ba zai koya ba ko an cire yanar daga baya. Farin kuma yana iya zama alamar wata cuta mai haɗari ga rai. Awon yaro daban yake, domin idonsa zai ci gaba da tsawo, don haka likitan yara ne ke zaɓar lambar, sannan a riƙa canja masa tabarau yana girma.

12. Bayan aiki

Madubin roba ba ya miƙewa ya tsuke kamar na saurayi. Yawanci ana zaɓar lambar da za ta ba da ganin nesa, don haka karatu, ɗinki da tsintar tsakuwa a hatsi za su buƙaci tabarau. Ana auna tabaran bayan sati 4 zuwa 6, lokacin da idon ya zauna. Mutane da yawa sukan tsallake wannan komawa, alhali a nan ake gyara ɗan abin da ya saura daga awo.

Ku ɗiga magani yadda aka ce, da hannu a wanke. Kada a murza idon, kada a sa kwalli, a nisanci hayaƙi da ƙura. Idan ciwo ya ƙaru, ko idon ya yi ja sosai, ko ya fara mugunya, ko ganin da aka samu ya fara raguwa, a tafi asibiti nan take, ko da dare ne. Ku sani kuma cewa awo mai kyau ba ya maido da abin da hawan jinin ido ko ciwon suga ya riga ya lalata a bayan ido. Likita zai faɗa muku abin da za ku sa rai da shi.

Tambayoyin bita

1. A ina yana take, a saman ido ko a ciki?
2. Me ya sa ba za a sa wa kowa madubi mai lamba ɗaya ba?
3. Tsakanin gajeren ido da dogo, wanne ke buƙatar babbar lamba?
4. Me OD da OG ke nufi a takarda?
5. Waɗanne abubuwa uku za ku duba a takardarku kafin ku shiga ɗakin aiki?
6. Me mai tsinke ke barin ido babu?

Idan akwai mai yana a gidanku, ku kai sunansa asibitin sansani tun yanzu, don a san da shi kafin likitocin ido su zo. Ku zaɓi wanda zai raka shi ranar awo, ranar aiki da ranar komawa. Wanda bai gane wani sashe na darasin nan ba, ko yake son a karanta masa takardarsa, ya zo wurin tafintoci. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa iyayenmu hasken ido.